Akira Fujishima: Masanin Da Ya Tafi Neman Makamashi A Cikin Ruwa, Ya Dawo Da Maganin Ƙazanta

A ranar 1 ga Janairun 1974, masu karanta jaridar Asahi Shimbun ta ƙasar Japan sun wayi gari da wani labari a shafin farko wanda ya zo daidai da abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Labarin wani matashin malamin jami'a ne ɗan shekara 31, Akira Fujishima, da malaminsa Kenichi Honda, waɗanda suka gano hanyar raba ruwa gida biyu da haske, a fitar da iskar haidurojin da za a iya ƙonawa a matsayin makamashi. Watanni kaɗan kafin nan, ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur sun taƙaita fitar da mai saboda yaƙin Oktoban 1973, farashin ganga ya yi tsalle daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Japan kuwa kusan duk man da take ƙonawa daga waje take sayo shi.

Tashin farashin da ya jefa Japan cikin firgici shi ne ya cika baitulmalin Najeriya, har ma'aikatan gwamnati na wancan zamani suka ga ƙarin albashin Udoji. A Tokyo kuwa tambayar da ke bakin kowa ita ce da me za a maye gurbin fetur. Ƙasa ce da teku ya kewaye, rana kuma kyauta take fitowa. Idan har ruwa da rana za su ba da makamashi, to matsalar ta zo ƙarshe.

Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma wannan fata bai cika ba tukuna. Duk da haka, binciken Fujishima ya shiga asibitoci da filayen jiragen sama da madubin motoci da na'urorin tace iska da ruwa, ta wata ƙofar da babu wanda ya hango a 1974. Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne wani awo da Fujishima ya yi da hannunsa a lokacin da sunansa ke tashe, awon da ya nuna masa cewa abin da jaridu ke yabo bai kai yadda ake zato ba, kuma ya yarda da sakamakon.

Kumfa a cikin kofin gilashi

An haifi Fujishima a Tokyo a watan Maris na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ƙasa ta Yokohama, ya kammala a 1966, sannan ya wuce Jami'ar Tokyo domin karatun gaba da digiri a ƙarƙashin Honda. Fagensa shi ne kimiyyar lantarki da sinadarai, wadda ke nazarin yadda wutar lantarki ke sauya sinadari, da yadda sauyin sinadari ke haifar da wutar lantarki. Batirin mota da na wayar hannu 'ya'yan wannan fage ne. Haka nan kulorin da hukumomin ruwa ke zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta, ana samar da shi ne ta hanyar ratsa ruwan gishiri da lantarki.

Raba ruwa da lantarki tsohon ilimi ne. Tun a shekarar 1800 Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka tsoma wayoyi biyu daga batiri a cikin ruwa, suka ga iskar haidurojin tana fita a gefe ɗaya, oksijin a ɗaya gefen. A lissafi, aikin yana buƙatar ƙarfin lantarki na bolt 1.23, a aikace kuma ya fi haka. Matsalar ita ce wutar da ake kashewa ta fi makamashin da ake samu a haidurojin ɗin. Sai an samo wutar daga wani wuri mai araha kafin cinikin ya yi riba.

A lokacin da Fujishima ya fara bincike, masana a Jamus da Amurka suna gwada haska wasu sinadarai da ake kira semikondakta a cikin ruwa. Waɗannan sinadarai suna tsaka-tsaki ne: ba sa barin lantarki ya wuce a sake kamar tagulla, ba sa kuma tare shi gaba ɗaya kamar roba, amma haske yana iya farkar da su. An gwada irin su zink oksaid, lantarki ya gudana, sai dai sinadarin da kansa yana narkewa a cikin ruwan. Wato abin da ake gani cin kansa yake yi.

A 1967 Fujishima ya samu kiristal na taitaniyam dayoksaid, nau'in da ake kira rutail. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a rayuwar yau da kullum: shi ne farin da ke cikin fentin gida, yana cikin man goge baki da man shafawa mai kare fata daga rana. Ya yanka kiristal ɗin, ya haɗa shi da waya zuwa wani ƙarfen filatinam, ya tsoma su a ruwa, ya haska masa fitila mai ƙarfi. Sai kumfa ta fara tashi daga fuskar kiristal ɗin. Da ya kashe fitilar, kumfar ta tsaya. Da ya tara iskar ya auna, ya tarar oksijin ce. Abu mafi muhimmanci, bayan kwanaki ana haskawa, kiristal ɗin yana nan da ƙyallinsa da nauyinsa. Ruwan ne ke rabuwa, sinadarin bai ci kansa ba.

Yadda abin ke faruwa shi ne, idan haske mai isasshen ƙarfi ya faɗa kan sinadarin, yakan tunkuɗe ƙwayar lantarki da ake kira ilektron daga mazauninta, ta bar gurbi. Ilektron ɗin ya bi waya zuwa filatinam, inda yake taimakawa a samar da haidurojin. Gurbin da aka bari kuwa yana da tsananin ƙishirwar ilektron, har yakan fizge shi daga ruwa, oksijin ta fita. Fujishima ya sha bayyana cewa abin da ya fi burge shi a lokacin shi ne kamannin wannan da aikin ganyen tsiro, wanda shi ma da hasken rana yake raba ruwa ya saki oksijin.

Shekarun da ba a yarda ba

Manyan fagen ba su karɓi labarin hannu biyu-biyu ba. A wancan lokaci, masana lantarki da sinadarai da yawa ba su saba ɗaukar haske a matsayin makamashin da zai shiga lissafinsu ba. A wurinsu, duk wanda ya ce ya fitar da oksijin daga ruwa da ƙarfin lantarkin da bai kai bolt 1.23 ba, to ya yi kuskure a awo ko bai fahimci darasinsa ba. Ɗalibin ya sha suka a tarurrukan masana. An fara buga sakamakon da harshen Japananci a 1969, bai yi wani amo ba. Ya kammala digirin digirgir a 1971, ya kama koyarwa a Jami'ar Kanagawa.

A 1972 mujallar kimiyya ta Nature da ke Ingila ta buga takardar Fujishima da Honda. Gajeriya ce, shafi biyu kacal. A yau tana cikin takardun kimiyyar sinadarai da aka fi ambata a duniya, kuma abin da ta bayyana ana kiran sa da sunan mutanen biyu. Amma ko bayan fitarta, sai da rikicin mai ya zo kafin jama'a da hukumomi su waiwaye ta. Daga kumfar farko zuwa shafin farko na jarida, shekara kusan bakwai ce. A cikin waɗannan shekaru babu abin da ya sauya a cikin kofin gilashin. Farashin ganga ne ya sauya.

A 1974 gwamnatin Japan ta ƙaddamar da wani babban shiri na neman sabbin hanyoyin makamashi, wanda ya haɗa da hasken rana da haidurojin. Ɗakunan bincike a Amurka da Turai su ma suka rungumi fagen. Fujishima ya koma Jami'ar Tokyo a 1975, ya kuma yi kimanin shekara guda a Jami'ar Texas da ke Austin tare da Allen Bard, ɗaya daga cikin jiga-jigan wannan kimiyya a Amurka.

Lita bakwai a kan rufi

A nan ne ya yi abin da ya raba shi da masu bincike da yawa. Kiristal na rutail yana da tsada, ba za a shimfiɗa shi a fili ba. Sai ya ɗauki falankan ƙarfen taitaniyam, ya gasa su da wuta har fatar sinadarin ta fito a kansu, ya jera su a kan rufin gini, ya bar su a rana ta gaske a wani yini na bazara da sama ta yi garau. Da yamma ya auna abin da ya taru. Kowace murabba'in mita ɗaya ta ba da haidurojin lita 7 a yini. Kashi 0.3 cikin ɗari ke nan na makamashin da rana ta zubo a wurin.

Domin a gane ƙanƙantar wannan, haidurojin lita 7 idan aka ƙona shi, da ƙyar zai tafasa ruwan shayi kofi ɗaya. Farantan sola da ake ɗorawa a kan gidaje da ofisoshi a yau suna mayar da kimanin kashi 20 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki.

Dalilin gazawar yana cikin halittar sinadarin. Taitaniyam dayoksaid ba ya farkawa sai da haske mai ƙarfin gaske, wato hasken ultrabayolet da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na hasken rana da ke isowa ƙasa ba. Sauran hasken duk yana wucewa ne a banza. Farin da ya sa ake son sa a fenti shi ne shaidar cewa yana mayar da hasken da ido ke gani, ba ya shan sa. Sinadaran da ke shan hasken da ido ke gani kuwa, yawancinsu suna lalacewa a ruwa. Mai ƙarko ba ya shan haske sosai, mai shan haske ba ya ƙarko. Wannan cikas ya daɗe yana gaban masana.

Mutumin da sunansa ya fito a shafin farko na babbar jarida, a lokacin da gwamnati ke zuba kuɗi a fagen, yana da dalilai masu yawa na ci gaba da yin alƙawari. Fujishima ya karɓi hukuncin awonsa: wannan sinadari, a yadda yake, ba zai maye gurbin fetur ba. Sai ya koma yana tambayar wane aiki ne sinadarin ya fi kowa iyawa.

Ƙarfin da ke cin datti

Amsar tana cikin gurbin nan mai ƙishirwar ilektron. Abin da ke da ƙarfin fasa ruwa, wanda yake cikin sinadarai masu wuyar fasawa, zai iya fasa maiƙo da hayaƙi da wari da jikin ƙwayar cuta. A kan fuskar sinadarin da aka haska, ana samun wasu ɓarɓashin sinadarai masu saurin kai hari, waɗanda ƙarfinsu na ruguza ƙazanta ya fi na kulorin. Idan suka gama da abu mai tushen kabon, abin da ke saura galibi ruwa ne da iskar kabon dayoksaid.

Wasu sun riga sun hango haka. A 1976 masana a Kanada sun nuna cewa garin sinadarin yana ruguza wasu gurɓatattun sinadaran masana'antu a ruwa. A 1977 Bard da abokin aikinsa Steven Frank sun nuna yana lalata gubar sayanaid. A 1985 Tadashi Matsunaga da abokan aikinsa a Japan sun nuna yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma duk waɗannan sun tsaya a ɗakin gwaji.

Fujishima ya zama cikakken farfesa a 1986. A ƙarshen shekarun 1980 Kazuhito Hashimoto ya shigo ɗakin bincikensa, kuma tare suka sauya tambayar. Samar da makamashi yana buƙatar haske mai yawan gaske domin a sarrafa abu mai yawan gaske. Amma dattin da ke sauka a kan bango ko tagar gilashi a yini guda ɗan kaɗan ne, kuma a hankali yake taruwa. Ɗan hasken ultrabayolet da ke cikin inuwar rana, ko wanda ke fita daga doguwar fitilar ofis, zai iya isa ya cinye shi tun kafin ya taru. Raunin da ya kashe maganar makamashi bai hana wannan aiki ba.

Suka haɗa gwiwa da kamfanin TOTO, mai ƙera tayil da kayan banɗaki, inda Toshiya Watanabe yake cikin masu bincike. Aka shafa siririyar fatar sinadarin a kan tayil, aka gwada a ɗakunan tiyata na asibiti, aka ga ƙwayoyin cuta sun ragu a bango. Daga nan aka kai shi kan murfin fitilun ramukan da motoci ke bi ta ƙarƙashin duwatsu, waɗanda hayaƙin mota ke baƙantawa.

A 1995 wannan haɗin gwiwa ya ci karo da abu na biyu da ba a nema ba. Idan aka haska fatar sinadarin, ruwa ba ya tsayawa a kanta ɗigo-ɗigo, sai ya baje ya zama shimfiɗa siririya. Mujallar Nature ta buga wannan a 1997. Amfaninsa biyu ne. Madubi ba ya yin hazo, domin hazo tarin ƙananan ɗigo ne. Sannan ruwan sama yana kutsawa ƙarƙashin datti ya ɗauke shi. Rana ta ruguza maiƙon da ke riƙe ƙura, ruwan sama ya wanke sauran. Da haka aka samu gilashi da tayil da rumfunan tanti masu wanke kansu, da madubin gefen mota da ba ya dushewa a cikin ruwan sama. Gilasan filin jirgin sama na Chubu, kusa da Nagoya, suna cikin gine-ginen da aka yi wa wannan shafi. Ga mai kula da kasafin gyaran dogon gini, ma'anar wannan ita ce raguwar kuɗin wanki da raguwar hawa sama da ma'aikata ke yi da igiya.

Inda ruwa ya yi gardama

Tsabtace ruwa shi ne fatan da ya fi girma, ganin cewa alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suna nuna fiye da mutum biliyan 2 ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune. A nan ma Fujishima da abokan aikinsa sun faɗi iyakar abin da suka gano ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Aikin sinadarin a kan fuska yake faruwa, sai ƙazanta ta taɓa wurin da haske ya taɓa. Bango fuska ce. Tankin ruwa kuwa yana da zurfi, kuma idan ruwan ya yi gurɓi, haske ba ya ratsa shi. Idan aka zuba garin sinadarin domin ya gauraya da ruwan, sai an sake tace shi daga baya, wanda wani kuɗin ne. Idan aka manna shi a jikin bututu, fuskar da ke aiki ta ragu.

Saboda haka wannan hanya ba ta maye gurbin alam da yashi da kulorin a manyan matatun ruwa na birane ba. Inda ta fi amfani shi ne wurin da ruwan ya riga ya yi garau amma yana ɗauke da ɗan guba mai taurin kai: ragowar maganin ƙwari, rinin masaƙu, ragowar magungunan asibiti, abubuwan da kulorin ba ya iya ruguzawa. A cibiyar binciken hasken rana ta Almeriya da ke kudancin Sifaniya an shafe shekaru ana gwada tsabtace irin wannan ruwa da rana. A Japan an gwada ta a kan ruwan da manoma ke sake amfani da shi a gidajen noman da ba a amfani da ƙasa.

Domin ruwan da haske ba zai iya da shi ba, Fujishima ya koma tushensa na lantarki. Daga shekarun 1990 ɗakin bincikensa ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin nazarin sandunan lantarki na lu'ulu'u, wato daimon. Ba wanda ake haƙowa ba ne: ana tsiro da shi ne a cikin na'ura daga iskar gas mai ɗauke da kabon, ya kwanta a matsayin siririyar fata. Lu'ulu'u zalla ba ya wuce da lantarki, amma idan aka sa masa ɗan sinadarin boron, sai ya fara. Fa'idarsa ita ce ba ya tsatsa, ba ya narkewa, kuma ba ya saurin ɓarnatar da wuta wajen fitar da oksijin kamar sauran sanduna. Wannan yana ba shi damar samar da irin ɓarɓashin nan masu cin ƙazanta kai tsaye a cikin ruwa, ko da ruwan baƙi ne wuluk, ko da dare ne. Ana amfani da irin waɗannan sanduna wajen sarrafa ruwan masana'antu mai wuyar magani, da samar da ruwa mai ɗauke da ozon domin kashe ƙwayoyin cuta, da kuma auna ƙananan guba a ruwa. Tsadarsu da wutar da suke ci su ne suka taƙaita yaɗuwarsu. Yasuaki Einaga na Jami'ar Keio, wanda ya yi aiki tare da shi, yana cikin waɗanda suka ci gaba da wannan layi.

Mafarkin farko bai mutu ba

Barin da Fujishima ya yi wa maganar haidurojin bai rufe fagen ba. Takardar 1972 ta zama mafarin zuriyar bincike. A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel a Suwizalan sun shafa wa taitaniyam dayoksaid rini mai shan hasken da ido ke gani, suka samar da sabon nau'in farantin sola. A 2021 tawagar Kazunari Domen ta Jami'ar Tokyo ta ba da rahoton gwajin da ta yi a fili mai faɗin murabba'in mita 100, inda aka samar da haidurojin daga ruwa da rana na tsawon watanni. Mafi girman abin da suka samu shi ne kashi 0.76 cikin ɗari. Masana da yawa suna ganin sai an kai tsakanin kashi 5 zuwa 10 kafin hanyar ta biya kuɗinta. Daga 0.3 zuwa 0.76 a fili cikin fiye da shekara arba'in: wannan shi ne ainihin saurin tafiyar, kuma ya kamata duk mai karanta takardar neman kuɗi a kan wannan fanni ya san shi.

Hanyar da ta fi kusa da kasuwa a yau ita ce ta raba aikin biyu: farantin sola ko injin iska ya samar da lantarki, na'ura ta daban ta raba ruwan. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin ruwa mai tsabta lita 9 a ƙalla, da wutar da ta kai kimanin yunit 50 zuwa 55 a ma'aunin mitar gida. Har yanzu mafi yawan haidurojin da duniya ke amfani da shi daga iskar gas da kwal ake samun sa, kuma matatun mai da masana'antun taki ne ke shanye shi. Takin yuriya da ake yi a Lekki da Eleme ma ta wannan hanya ta gas yake samuwa. Ƙasar da ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, kamar yadda Najeriya ta yi, dole jami'anta su riƙa cin karo da kalmar haidurojin a cikin takardun da ke zuwa teburinsu. Tambayoyin da Fujishima ya yi wa kansa a kan rufi su ne za su yi musu amfani: lita nawa, a fili mai faɗin nawa, a rana ta gaske ko a ƙarƙashin fitilar ɗakin gwaji, kuma na tsawon wane lokaci kafin na'urar ta gaji.

Girma, da tafiya Shanghai

Fujishima ya yi ritaya daga Jami'ar Tokyo a 2003, ya shugabanci Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Kanagawa. A 2004 shi da Honda suka karɓi lambar yabo ta Japan Prize. Honda ya rasu a 2011. Daga 2010 zuwa 2018 Fujishima ya riƙe shugabancin Jami'ar Kimiyya ta Tokyo, kuma a 2017 aka ba shi lambar girmamawa ta al'adu, wadda ke cikin mafi daraja a ƙasarsa. Ya ba da lokaci mai yawa wajen rubuta littattafan kimiyya domin yara da zagaya makarantu yana yi musu lacca.

Ya kuma horar da ɗalibai da yawa daga ƙasar Sin, waɗanda wasunsu suka koma gida suka zama manyan masana. A 2021, yana da shekara 79, aka ba da labarin cewa ya koma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Shanghai tare da tawagarsa. Labarin ya tayar da muhawara a Japan game da yadda ƙasar ke riƙe masananta da yadda take ba da kuɗin bincike. Ƙasa mai arziki kamar Japan ma ta ji zafin ganin gwaninta ya tafi inda aka tanadar masa kayan aiki. Ga ƙasashen da likitocinsu da malaman jami'arsu ke fita kowace shekara, wannan ciwo sananne ne.

Idan aka jera shekarun aikinsa, za a ga kumfar farko a 1967, takardar da duniya ta karanta a 1972, kayan da suka shiga kasuwa kuma sai a shekarun 1990. Kusan shekara ashirin da biyar ke nan tsakanin ganowa da sayarwa, kuma abin da aka sayar ba shi ne abin da aka yi alƙawari ba. Da an auna aikin da ma'aunin kasafin shekara guda, da an rufe fayil ɗinsa tun ranar da ya sauko daga rufi da lita 7. Da kuma shi ya ɓoye wannan adadi domin kuɗi su ci gaba da zuwa, da ya ƙare rayuwarsa yana bin abin da sinadarin ba zai iya ba. Abubuwa biyu suka haɗu: mai bincike da ya faɗi gaskiyar awonsa, da jami'a da ta bar shi a kan kujerarsa har ya samo tambayar da ta dace da amsar da ke hannunsa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Shi nasa dutsen farin kiristal ne, kuma sai da ya shekara fiye da ashirin a kan wuta.